Darasi na 14: Gida a Kan Teku, Tsakanin Tsibiran Giranadin

Ka ɗauki taswirar duniya, ka ɗora yatsa a kan Kano, ka ja shi yamma sak ba karkata. Zai ratsa Burkina Faso da Mali da Gini Bisau, ya faɗa Tekun Atilantika, ya yi ta tafiya a kan ruwa kusan kilomita 5,000 kafin ya sake taɓa ƙasa. Ƙasar da zai taɓa ita ce Giranada, wani ƙaramin tsibiri a gabashin Tekun Karibiyan. Daga nan zuwa tsibirin Sen Binsan da ke arewa, akwai jerin ƙananan tsibirai fiye da talatin da ake kira Giranadin. Wasu akwai mutane, irin su Bekwe da Yuniyon da Kariyaku. Wasu kuwa ban da tsuntsaye da ƙadangaru ba mai kwana a kansu. Da yake layi ɗaya suke da mu, ranarsu irin tamu ce: ta fito wajen shida, ta faɗi wajen shida, duhu ya rufa nan da nan.

A tsakanin waɗannan tsibirai akwai mutanen da ba su da gida a ƙasa, jirgin ruwa mai filafilai shi ne gidansu. Akwai tsofaffin ma'aikata daga Turai da Amurka da Kanada da suka sayar da gida suka sayi jirgi, akwai ma'aurata masu yara ƙanana da ke karantar da 'ya'yansu a cikin jirgin, akwai kuma masu hayar jirgi na mako ɗaya ko biyu su koma. Wanda ya ga hotonsu zai ce hutu kawai suke yi. Hutun akwai shi, amma abin da ya sa aka sa wannan darasi a littafinku shi ne lissafin da ke bayan hutun. A jirgi ba hukumar ruwa, ba kamfanin wuta, ba bakanike, ba likita kusa. Mai jirgi shi ne duk waɗannan, kuma abin da bai auna da safe ba zai rasa shi da yamma.

Jirgin da iskar da ke tura shi

Jirgin da aka fi gani tsawonsa mita 11 zuwa 14 ne, an ƙera shi da roba mai ƙarfi da aka haɗa da zaren gilashi. A tsakiyarsa akwai dogon jigo na alminiyam, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe gaba da baya da gefe biyu. Filafili ɗaya yana bayan jigon, ɗaya yana gabansa. A ƙarƙashin jirgin kuma, inda ido ba ya gani, akwai wani faffaɗan ƙarfe ko darma mai nauyin tan da yawa da ya nutse kusan mita biyu a ruwa. Shi ne ke hana iska kifar da jirgin. Tana iya karkata shi har gefensa ya sha ruwa, amma nauyin nan zai miƙar da shi.

Idan ka sauka ciki ta ɗan tsani, za ka tarar da falo mai benci biyu da tebur, da madafa wadda mutum ɗaya ke cika ta, da ƙananan ɗakunan kwana biyu ko uku, da ban-ɗaki wanda in ka miƙe hannu za ka taɓa bango biyu. Kowane abu yana da mazauninsa, kowace ƙofar kabad tana da sakata. Kofin da aka bari a tebur kafin a tashi, a ƙasa za a tsince shi.

Iskar da ke tura su ba baƙuwarmu ba ce. Iskar arewa maso gabas da ke kawo mana hunturu, danginta ce ke ci gaba da busawa a kan Atilantika har Karibiyan, sai dai ta sha ruwa a hanya ta daina busar da leɓe. Daga Disamba zuwa Mayu ba ta cika saɓa alkawari ba, shi ya sa wannan ne lokacin yawo. Wajen ƙarshen Disamba da Janairu takan ƙara ƙarfi, har masu ƙananan jirage su zauna kwanaki suna jira ta lafa. Ko ƙurar Sahara tana kai musu ziyara. Tsakanin Yuni da Agusta sararin sama yakan yi hazo, mai jirgi ya tashi da safe ya shafa farantin sola ya ga yatsunsa sun yi ja da ƙasar da ta taso daga nahiyarmu.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe game da filafili: jirgi ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakar ƙoƙarinsa ya kauce mata da kimanin digiri 45. Wanda inda za shi yake ta wajen da iska ke fitowa, dole ya yi tafiyar karkace-karkace, ya ɗan yi dama, ya juya ya ɗan yi hagu, har ya isa. Tafiyar da za a yi cikin awa uku da iska a gefe sai ta ci awa shida. Saboda haka masu jirgi ba sa cewa gobe za mu je wuri kaza sai sun ji abin da iska za ta yi. Tsibiran Giranadin sun yi sa'a, jerinsu daga kudu zuwa arewa yake, iska kuma daga gabas take zuwa, yawancin tafiya da iska a gefe ake yin ta.

Ruwa da wuta

Mai jirgi yana tashi da fitowar rana, don zafi ba zai bar shi ya daɗe a ciki ba. Kafin shayi yakan duba abu uku: ko jirgin yana inda ya kwana, ko ruwa ya taru a can ƙasan cikinsa, da kuma abin da ya rage a batir. A kudancin Giranada, da misalin bakwai da rabi, ana buɗe oba-oba a ji sanarwar masu jirage. Wani zai karanta hasashen iska da girman igiyar ruwa, sabbin zuwa su gabatar da kansu, wani ya ce yana neman wani kusa na inji, wata ta ce motar kasuwa za ta tashi ƙarfe goma. Rabin awa an gama, kowa ya kama aikinsa.

Babban abin lissafi shi ne ruwan sha. Ga ruwa ko'ina iyakar ganin ido, amma kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Wanda ya sha shi ƙishirwa zai ƙara, domin sai jiki ya fitar da ruwan da ya fi wanda aka sha kafin ya rabu da gishirin. Jirgi yana da tanki, a ce mai cin lita 500. In mutum huɗu ne a ciki, kowa yana amfani da lita 10 a rana, ta sha da girki da wanka da wanki, lita 40 ke nan kullum. Kwana goma sha biyu tankin ya kusa ƙarewa, saura lita 20. Lita goman da kowa ke samu a rana ba ta cika bokiti ɗaya ba. To yaya suke yi?

Kwanuka da ruwan teku ake wanke su, sai a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi a kwalba mai feshi. Wanka ma haka: mutum ya faɗa teku ya jiƙa, ya fito ya shafa sabulun ruwa, don sabulun sanda ba ya kumfa a ruwan gishiri, ya sake faɗawa, sannan ya hau ya zuba lita ɗaya ko biyu ya kore gishirin. In bai kore ba, fata za ta yi ƙaiƙayi, zanin gado ya yi danshin da ba ya bushewa. Ban-ɗaki da ruwan teku yake aiki, da famfon hannu. Musulmin da ke jirgi bai da damuwar alwala, malamai sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne kuma yana tsarkakewa. Alƙibla daga can gabas ce ta ɗan karkata arewa, wato kusan inda iska ke fitowa, kuma jirgin da ke kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, kullum goshinsa iska yake kallo. Duk da haka sai a duba kamfas, don jirgin yana jujjuyawa.

Hanyar samun ruwa uku ce. Ta farko saye: a ɗauki jarkoki a ƙaramin kwalekwalen roba, a je gaɓa, a cika, a dawo, a ɗaga su ɗaya-ɗaya. A nan ya kamata baƙo ya san inda yake. Bekwe da Kariyaku da Yuniyon ba su da kogi ko ɗaya. Mutanensu ruwan sama suke tarawa daga rufin kwano zuwa tankin siminti a ƙarƙashin gida, shi za su yi ta lallaɓawa har rani ya wuce. Jarkar da mai jirgi ya saya a watan Afrilu daga guzurin wani gida ta fito, kuma ni a ganina wanda ya wanke saman jirginsa da irin wannan ruwa bai kyauta ba, ko da ya biya. Ta biyu tarar ruwan sama. Ana shimfiɗa rumfar tamfol mai rami a tsakiya da tiyo zuwa tanki. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rumfa mai murabba'in mita 6 za ta ba da lita 60 in aka yi ruwan milimita 10. Ruwan farko ana barinsa ya zube, ya wanke gishiri da ƙura da kashin tsuntsu. Ta uku inji ne da ke matsa ruwan teku da ƙarfi ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Yana iya ba da lita 30 zuwa 60 a awa, amma yana da tsada, yana son kulawa, kuma yana shan wuta.

Wutar ma a aune take. Farantan sola biyu ko uku, wani lokaci da ƙaramar fanka mai juyawa da iska, su ke cika batura. Firji ne ya fi kowa ci, shi ya sa ba a buɗe shi barkatai. In aka yi kwana biyu ana hadari, sai a zaɓa tsakanin ruwan sanyi da cajin kwamfuta, ko a tayar da injin dizal a ƙona man da aka tanada don ranar da iska ta mutu. Sauran hantsin kuwa gyara ne. Gishiri yana cin ƙarfe, rana tana cin zaren filafili, danshi yana sa tufafi funfuna, ƙananan halittun ruwa suna manne wa gindin jirgi har sai an nutse an kankare su. Ba ranar da ba a taɓa sufana.

Daga tsibiri zuwa tsibiri

Tafiyar ba ta da nisa. Daga Sen Binsan zuwa Bekwe kimanin kilomita 15 ne, kuma galibi kana barin wannan tsibiri kana hango wancan. A teku da mil na teku ake awo, wanda yake mita 1,852, jirgi kuma yana yin mil 5 zuwa 7 a awa, gudun mai keke wanda ba ya sauri. Amma gajeriyar tafiya ba ita ce mai sauƙi ba. A bayan tsibiri ruwa a kwance yake, da zarar an fita daga inuwarsa sai a haɗu da igiyar ruwan da ta taso tun daga tsakiyar Atilantika, iska kuma ta matsu tsakanin tuddai biyu ta ƙara ƙarfi. Gwani tun kafin ya fito yake rage girman filafili. Wanda ya bari sai jirgi ya karkata, zai yi aikin ne ruwa na dukansa a fuska. In hasashen bai yi kyau ba a fasa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Jiri da tashin zuciya ba sa barin kowa, har tsofaffin matuƙa. Kunnen ciki yana jin motsi, ido kuma in yana kallon bangon ɗaki yana cewa ba motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Maganinsa a fito waje, a kalli inda sama ta haɗu da ruwa, ko a karɓi sitiyari. Citta ma tana taimakon wasu. Abinci tun kafin a tashi ake dafa shi. In dole sai an yi girki a hanya, murhun gas ɗin a rataye yake a kan ƙusa biyu don ya riƙa lilo ya tsaya daidai, tukunya kuma a matse take da ƙarafa. Dokar da ba a wasa da ita ita ce kada kowa ya faɗa ruwa. Kan mutum a cikin igiyar ruwa ba ya ganuwa daga ɗan nesa kaɗan, shi ya sa yara ke sa rigar ceto, manya kuma in dare ne ko iska ta yi yawa su ɗaure kansu da igiya a jikin jirgi.

Arewa da Giranada akwai dutse mai aman wuta a ƙarƙashin teku, wanda aka fara shaida fashewarsa a 1939. An haramta wa jirage kusantarsa da kilomita ɗaya da rabi, in kuma ya fara motsi a faɗaɗa haramcin zuwa kilomita 5. Kowa yana da shi a taswirarsa.

Haɗarin yau da kullum kuwa duwatsun murjani ne, waɗanda ke ɓoye dab da saman ruwa. Na'urar da ke nuna inda jirgi yake ta tauraron ɗan'adam tana taimakawa, amma taswira tana iya kuskure da 'yan mitoci, 'yan mitocin nan kuwa sun isa fasa jirgi. Sai a koma ga ido. Mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi ya karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, shuɗi mai haske zuwa tsanwa yashi ne kuma zurfin ya ragu, fari-fari ya yi kusa ƙwarai, ruwan ƙasa-ƙasa murjani ne, a kauce. Wannan karatu ba ya yiwuwa sai rana tana sama ko tana bayanka, daga hantsi zuwa azahar. Wanda ya iso da la'asar sakaliya yana fuskantar yamma, ƙyalli kawai zai gani.

Akwai kuma iyakar ƙasa. Kariyaku ta Giranada ce, wadda ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1974. Yuniyon, wadda ake hangowa daga can, ta Sen Binsan ce, mai 'yanci tun 1979. Tafiyar awa ɗaya ko biyu ce, amma sai an yi sallama da kwastan da jami'an shige da fice a nan, a can kuma a ɗaga tuta rawaya, alamar ba a riga an sami izinin shiga ba. Kyaftin kaɗai ke sauka da fasfo da takardun jirgi, sauran su jira. Kuɗin ƙasashen biyu ɗaya ne, dalar Gabashin Karibiyan, wadda aka ɗaure a kan 2.70 ga dalar Amurka ɗaya tun 1976.

Anka

Duk barcin mai jirgi a kan anka ya rataya, don haka bari mu kalli yadda ake jefa ta. A ce mata da miji ne suka shigo mashigin Bekwe da azahar, jirage sun kai hamsin a ciki. Ita tana goshi, shi yana sitiyari, sun naɗe filafilai sun kunna inji. Ba sa ihu, don iska ba za ta bari a ji ba, da hannu suke magana. Ta nuna dama, ya karkata. Tana neman fili mai yashi, ba ciyawa ba, ba murjani ba. Ta dunƙule hannu, ya tsayar da jirgi yana fuskantar iska. Ya duba na'urar zurfi ya ɗaga yatsu biyar, mita 5 ke nan. Ta saki anka har ta taɓa ƙasa, iska ta fara tura jirgi baya, ita kuma tana sakin sarƙa a hankali don ta kwanta a miƙe, kada ta taru a kan ankar. An shafa wa sarƙar fenti kowace mita goma. Ta bar mita 30 ta fita, don ƙa'ida ita ce sarƙa ta ninka zurfi aƙalla sau biyar, a haɗa da tsayin goshin jirgi daga ruwa. Dalili kuwa anka ba nauyinta ke riƙe jirgi ba, haƙa take yi cikin yashi, kuma ba za ta haƙa ba sai an ja ta a kwance. Daga nan ya sa inji baya a hankali, ita ta ɗora tafin ƙafa a kan sarƙa. In tana karkarwa tana tsalle, anka tana jan ƙasa, a sake. In ta miƙe ta yi tauri shiru, ta kama. Duk da haka sai ya sa gilashin ninkaya ya bi sarƙar ya gani da idonsa.

Jirgin da ke kan anka kamar doki yake a turke, yana zagaya iyakar tsawon igiyarsa. Dole a bar wa maƙwabci filin zagayawarsa, kuma al'adar teku ita ce wanda ya riga zuwa shi ke da wuri, in an matsu na baya ne zai tashi. Da magariba a kunna farar fitila a saman jigo. Kafin tara yawanci an yi barci. Amma a tsakiyar dare hadari yakan taso, iska ta ninka ƙarfinta na minti goma ko ashirin da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya tashi a rufe tagogin sama, kyaftin ya fito da tocila ya duba fitilun gaɓa biyu da ya sa wa alama tun da rana. In sun goce daga yadda ya bar su, jirgi yana tafiya, sai a tayar da inji a sake jefa anka cikin duhu.

Anka tana da ɓarna. Murjani halitta ce mai rai, wasu irinsa ba sa girma fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara, sarƙa kuma tana iya share na shekara hamsin a dare ɗaya. A Tobago Kiz, ƙananan tsibirai biyar da ba kowa a kansu, waɗanda wani dogon murjani mai siffar kofaton doki ya kare daga igiyar Atilantika, gwamnati ta mai da wurin gandun da aka keɓe. An hana kamun kifi, ana biyan kuɗin shiga, an kuma kafa igiyoyin ɗaure jirgi. Kunkurun teku suna kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa, mutum ya yi iyo kusa da su ba su gudu ba.

Abinci da masu tsibiri

Shinkafa da taliya da wake da fulawa da abincin gwangwani su ne jari. Kwali ba ya hawa jirgi, don kyankyaso yana ƙwai a cikinsa, tun a gaɓa ake juye kaya a robobi masu murfi. Ayaba da mangwaro da lemun tsami a raga ake rataye su su sha iska. A kasuwannin tsibiran mutuminmu zai gane kuɓewa da rogo da doya da dankali da zoɓo, domin yawancin mutanen wurin jikokin 'yan Afirka ne da aka kai bauta gonakin rake da auduga. Akwai kuma wani babban ɗan itace mai cika ciki da ake dafawa ko gasawa, wanda Kyaftin Bilai na Ingila ya kawo Sen Binsan daga Tahiti a 1793 don a ciyar da bayi da araha. Yau a Giranada shi ake dafawa da madarar kwakwa da ganye da nama mai gishiri da kurkur, kuma shi ne abincin da ƙasar ke alfahari da shi.

A hanya ana jan ƙugiya a bayan jirgi, akan dace da kifin tuna. Amma manyan kifayen da ke farauta a murjani, musamman barakuda, suna iya ɗauke da wata guba da ke fitowa daga ƙananan halittun da ke manne da ciyawar ruwa. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami, guba ta taru. Wuta ba ta kashe ta, ba ta da wari ko ɗanɗano, tana sa amai da gudawa, har mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji yana ƙona shi. Mai hankali masunta na wurin yake tambaya kafin ya ci.

Da sassafe mutanen tsibiri kan zagayo da kwalekwale mai inji, suna sayar da burodi mai zafi da kifi da ƙanƙara, wasu su karɓi wanki ko shara. Yawancinsu sun fi baƙin sanin teku nesa ba kusa ba. A ƙauyen Windiwad na Kariyaku har yanzu ana sassaƙa jiragen katako a bakin ruwa da gatari da gizago, irin waɗanda a da suke dakon kaya tsakanin tsibirai da iska kaɗai, kuma tun 1965 ake tseren jiragen a watan Agusta. Baƙon da ya zo da jirgin da ya fi gidan mai burodi tsada sau da yawa, ya tsaya yana ciniki a kan dala ɗaya, ya manta cewa cinikin wata biyar ko shida ne zai riƙe iyalin mutumin nan shekara guda.

Lokacin guguwa

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne. Da yawa daga cikin irin waɗannan guguwa a matsayin tarin hadari suke barin gaɓar Afirka ta Yamma lokacin daminarmu, su yi ta shan ɗumin teku suna girma a hanya. An daɗe ana ganin Giranada ta yi kudu da hanyarsu, har guguwar Aiban ta faɗa mata a Satumban 2004, ta lalata kusan gida tara cikin goma, ta kifar da jiragen da aka jera a tudu. Ranar 1 ga Yuli, 2024, guguwar Beril ta sauka a Kariyaku da iska mai gudun kusan kilomita 240 a awa, ta yaye rufin mafi yawan gidajen Kariyaku da Yuniyon. Jiragen da suka ɓuya a cikin itatuwan fadamar gishiri, inda aka saba fakewa, da yawa sun hau kan juna sun nutse.

Saboda haka tun a watan Mayu kowa ke yanke shawara. Wasu su gangara Tirinidad, tafiyar dare guda daga Giranada, a ɗaga jirgi da inji a ajiye a tudu, a cire filafilai, a ɗaure shi da ƙasa. Wasu su zauna a ruwa da tanki cike da mai, suna duba hasashe safe da yamma, a shirye su gudu kudu in an ba su kwana biyu. Bayan Beril, jirage masu filafilai na cikin waɗanda suka yi ta dakon ruwan sha da tamfol da abinci daga Giranada da sauran tsibirai zuwa ga mutanen da ba su da inda za su gudu.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu ku yi wannan lissafi a takarda: jirgi mai tankin lita 600, da mutum biyar, kowa lita 8 a rana, kwana nawa ruwan zai kai su? In kuma za su jefa anka a zurfin mita 7, goshin jirgi yana mita 1 sama da ruwa, sarƙa mita nawa za su saki aƙalla? Bayan haka kowa ya auna ruwan da gidansa ke amfani da shi daga asuba zuwa dare, da jarka ko bokitin da aka san girmansa, ya raba da yawan mutanen gidan, ya rubuta abin da ya samu a layi biyar ya kawo darasi na gaba.